RAHOTON MUSAMMAN: Jos, garin da ya raini mawaƙa Legas ta ci moriyarsu

A shekarar 2001 wani kamfanin faya-fayai da ke Landan, mai suna Strut, ya tattara tsofaffin waƙoƙin Najeriya na shekarun 1970 ya fitar da su a kundi guda, ya raɗa masa suna Nigeria 70. A bangon kundin an rubuta cewa wannan shi ne cikakken tarihin kiɗan Legas na wancan zamani. Sai dai duk wanda ya bi jerin sunayen da ke ciki a tsanake zai ci karo da wata ƙungiya da ba ta ɓoye asalinta ba, domin sunan garinta na manne da nata: Sahara All Stars ta Jos. Tare da ita akwai Bala Miller, wanda ya yi zamaninsa a Kaduna, da Bongos Ikwue, ɗan Otukpo ta Jihar Binuwai. Dukansu an zuba su a kwando ɗaya, an ce na Legas ne.

Ba za a ce da gangan Turawan suka yi ba. A Legas manyan kamfanonin faifai suke, kuma can mafi yawan makaɗan ƙasar nan kan je su naɗi waƙa. Amma abin da ya sami Sahara All Stars shi ne ya ci gaba da samun Jos har gobe. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

A 'yan shekarun nan begen tsofaffin waƙoƙi ya dawo da ƙarfinsa. A wuraren biki a Abuja, Kaduna ko Jos ɗin kanta, da zarar mai sa kiɗa ya koma waƙoƙin P-Square na tsakanin 2005 da 2009, ko ya sako "Oleku" ta Ice Prince, sai a ga waɗanda suka ba shekara 35 baya, waɗanda tun farkon taro suke zaune suna latsa waya, sun miƙe tsaye. A gun yawancinsu ƙuruciya ce ta motsa. A gun mutumin Jos kuwa abin ya wuce nan, domin waƙoƙin na tuna masa da wani gari da aka san shi da cuɗanya, garin da yaro kan fita daga Gangare ya wuni a Jenta ba tare da uwarsa ta kasa cin abinci ba.

Garin da kuza ta tara

Kafin kiɗa, kuza ce ta fara tara mutane a Jos. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dira a kan tsaunukan Filato suna haƙar ta, a ƙasar Birom da Afizere da Anaguta. Aikin na buƙatar hannaye masu yawa, don haka lebura da 'yan kwangila da 'yan tireda suka yi ta kwararowa: Hausawa, Barebari, Nufawa, Tibi, Ibo, Yarabawa, Urhobo, har da mutanen Saliyo da Gana da ke aikin akawu. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya haɗa Zariya da Jos, a 1927 kuma layin dogo na Gabas ya iso daga Fatakwal. Kowane jirgi da ya tsaya, da irin kiɗan da ya sauke.

Leburan da ya yi mako yana wanke ƙasa a cikin ruwan sanyi, ranar da aka biya shi ba ya neman komai sai wurin da zai manta da gajiya. A barikokin kuza masu goge da kalangu suka sami kasuwa. A cikin gari kuma otal-otal da gidajen rawa suka ɗauki ƙungiyoyin masu jita da kakaki, suna kaɗa hailaif irin na Gana da Gabashin Najeriya. Hausa ce ta zama harshen da kowa ke ciniki da shi, ko da a gidansu wani yare ake yi. Wannan ya bar wa garin gado mai tsada: ɗan Ibo da aka haifa a Jos yakan yi Hausa kamar Bakano, ɗan Hausa kuma kunnensa ya saba da amon jita tun yana goye.

Ba aljanna ba ce, kuma masu begen da sukan tsallake wannan shafi. An yi arangama tsakanin Hausawa da Ibo a garin tun 1945. A 1966 an kashe Ibo da dama a Jos kamar yadda aka yi a wasu biranen Arewa, sauran suka tsere. Amma bayan an gama yaƙin basasa a 1970 da yawansu sun dawo, suka buɗe shagunansu, suka haifi 'ya'ya. Cikin 'ya'yan wannan zamani akwai wasu tagwaye da za a zo kansu.

Maraya da gwangwanin kifi

Mawaƙin da ya fara kai sunan Jos duniya bai riƙe jita ba. Adamu Wayya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya rasa mahaifinsa, makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru, tun yana jariri, mahaifiyarsa ma ba ta daɗe ba ta bi bayansa. Sarkin ne ya riƙe shi. Daga nan sunan Ɗanmaraya ya bi shi har kabari.

Kayan aikinsa kuntigi ne, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, wanda ake haɗa ƙoƙonsa da gwangwanin kifi a rufe da fata. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da zugar makaɗa irin ta Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo. Shi kaɗai yake tsayawa, shi ne kiɗa, shi ne waƙa, idan labari ya kai ga miji da mata suna cacar baki shi ne mijin, shi ne matar, yana sauya murya. A "Jawabin Aure" da "Auren Dole" da "Gulma Wuya" ya shiga ɗakunan talakawa ya fito da abin da ake rufewa. Waƙar da ta fara fito da shi kuwa ba ta sarki ba ce, ba ta attajiri ba. Ta karen mota ce, yaron da ke kwana a ƙarƙashin babbar mota yana sa mata waigi, wanda ba a taɓa tunanin ya cancanci kirari ba.

A nan ake gane cewa Ɗanmaraya ɗan Jos ne na gaske. Mawaƙin fada yana da ubangida guda. Mawaƙin garin lebura kuwa dole ya nemo abin da direba da birkila da mai tallar abinci za su ji ya shafe su, ko daga ina suka fito. Shi ya sa Birom da Ibo da Yarabawan Jos suka riƙe shi nasu kamar yadda Hausawa suka riƙe shi. Ya yi wa sojojin tarayya waƙa lokacin yaƙin basasa, ya zagaya ƙasashe, ya karɓi lambar girma ta ƙasa, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Da duk wannan bai ƙaura ba. A Jos ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015. Cikin manyan sunayen da garin ya fitar, kaɗan ne za a faɗi haka a kansu.

Akwatin talabijin

Abu na biyu da ya ɗaga garin shi ne gidan talabijin. Gwamnatin Joseph Gomwalk ta tsohuwar Jihar Binuwai-Filato ce ta kafa shi, a 1975 kuma ya zama na farko a Najeriya da ya fara nuna hoto mai launi. Da gwamnatin tarayya ta haɗe gidajen talabijin a ƙarƙashin NTA, tashar Jos ta zama matattarar masu shirya wasan kwaikwayo. Daga nan aka yi Cock Crow at Dawn a 1980, wasan da ke kwaɗaita wa 'yan birni komawa gona, wanda marigayi Sadiq Daba ya fito a cikinsa a matsayin Bitrus. Waƙar buɗe shirin ta Bongos Ikwue ce, kuma har yau akwai dattawan da in suka ji ta sai sun ajiye abin da suke yi.

Daga baya Hukumar Fina-finai ta Najeriya ta kafa hedikwatarta a garin, ga kwalejin talabijin ta NTA, ga makarantar koyon aikin fim. Amfanin waɗannan ga mawaƙi a fili yake. Inda akwai kyamara akwai mai haɗa sauti, inda akwai mai haɗa sauti akwai wanda zai koya wa yaro yadda ake riƙe makirfo.

Daga bencin coci

Makarantar kiɗa mafi girma a Jos ba ta da allo a ƙofa. Coci ce. Garin ne hedikwatar ECWA da COCIN, kuma a majami'unsu da Hausa ake rera yawancin waƙoƙi, daga na littafi har zuwa na Zumuntar Mata da ake kaɗa wa tulu. Yaron da iyayensa ba za su iya saya masa fiyano ba yakan same ta a coci kyauta, ya yi ta taɓawa bayan an tashi sujada har hannunsa ya faɗa. Panam Percy Paul, wanda waƙoƙinsa na bishara suka ratsa ƙasar nan a shekarun 1980 da 1990, a Jos ya kafa sansaninsa, har da makarantar koyon kiɗa.

Daga wannan benci Jeremiah Gyang ya taso, ɗan fasto da ya iya jita da fiyano tun yana ƙarami. Waƙarsa "Na Ba Ka" ta yi abin da ba a saba gani ba a tsakiyar shekarun 2000: waƙar Hausa, ta addini, amma gidajen rediyon Abuja da Legas suna sa ta a tsakiyar waƙoƙin rawa, waɗanda ba su jin ko "zo" suna bin ta da baki. Shi ne mawaƙin farko da kamfanin Chocolate City ya ɗauka. Wanda ya jagoranci kafa kamfanin a 2005, Audu Maikori, lauya ne ɗan Jihar Kaduna da ya yi karatu a Jami'ar Jos.

Ta wannan ƙofa sauran suka bi. Jude Abaga, wanda duniya ta sani da M.I, an haife shi a Jos a 1981, iyayensa mutanen Takum ne ta Jihar Taraba. Ya yi sakandaren Baptist ta Jos, ya tafi karatu Amurka, ya dawo gida ya haɗu da ƙanensa Jesse Jagz da wani matashi mai suna Panshak Zamani, wato Ice Prince, suna gambarar zamani a ƙananan ɗakunan naɗar waƙa. Panshak a Minna aka haife shi a 1986, amma a Jos ya yi wayo, kuma shi ma ya yi waƙa a coci kafin ya kama gambara.

Su kuwa tagwayen nan, Peter da Paul Okoye, an haife su a Jos ranar 18 ga Nuwamba, 1981, asalin gidansu Jihar Anambara. A makarantar St. Murumba ta 'yan Katolika suka shiga ƙungiyar kiɗa da wasan kwaikwayo, suna kwaikwayon rawar Michael Jackson da MC Hammer. Da rawa aka fara saninsu a garin kafin a san suna da murya. A 2001 suka lashe wata gasar mawaƙa da kamfanin taba na Benson & Hedges ya ɗauki nauyi, nasarar da ta kai su ga kundinsu na farko, Last Nite, a 2003. Innocent Idibia ma, wato 2Baba, a Jos aka yanke masa cibiya a 1975, ko da yake a Binuwai da Inugu ya ƙarasa tasowa.

A duba jerin nan da kyau: Birom, Jukun, Angas, Ibo, Idoma. Babu wanda ya tambayi wani takardar shaidar ƙaramar hukuma kafin su shiga situdiyo.

A ɗaya ɓangaren garin kuma matasan Hausawa sun kama tasu hanyar. Jos ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin fim ɗin Hausa bayan Kano, ta fitar da jarumai irin marigayi Ahmad S. Nuhu, wanda ya rasu a haɗarin mota ranar 1 ga Janairu, 2007. Fim ɗin Hausa na wancan lokaci kuwa ba ya tafiya sai da waƙa, don haka masu fiyano na unguwannin Hausawa su ma suka sami aikin yi. Kasuwarsu na kallon Kano, ta su M.I na kallon Legas.

Hanyar Legas

Dalilin tafiyar ba ɓoyayye ba ne. A shekarun 2000 duk wanda ke son faifansa ya kai Aba da Maiduguri a mako guda sai ya bi ta hannun dillalan kasuwar Alaba da ke Legas. Su ke sayen kundi, su buga, su rarraba, su ne kuma ake zargi da satar fasaha idan ba a daidaita da su ba. Kamfanonin waya da na lemo da na giya, waɗanda ke biyan mawaƙa kuɗin talla da na wasa, duk a Legas ofisoshinsu suke. Tashoshin da ke nuna bidiyon waƙa ma haka. Jos na da sanyi da duwatsu da masu basira, amma ba ta da mai zuba jari. Kuzar da ta tara jama'a ta riga ta durƙushe, musamman bayan faɗuwar farashinta a kasuwar duniya a 1985, ta bar kududdufai a bayan gari.

P-Square suka koma Legas, suka fitar da Get Squared a 2005 da Game Over a 2007, suka cika filayen wasa daga Kampala zuwa Firitawun, har suka yi waƙa da Akon da Rick Ross. M.I ya fitar da Talk About It a ƙarshen 2008, ya sauya yadda ake kallon gambara a Najeriya, daga bisani ya shugabanci Chocolate City daga 2015 zuwa 2019. "Oleku" ta fito a 2010, a 2013 kuma Ice Prince ya karɓi kyautar BET ta gwarzon mawaƙin Afirka a Amurka. Kowace nasara, jaridu sun rubuta ta a matsayin nasarar kiɗan Legas. Harajin, da ayyukan yi, da manyan ɗakunan naɗar waƙa, duk can suka tsaya.

Da a ce kuɗi ne kawai matsalar, da da sauƙi. Liverpool ma ta raini Beatles, Landan ta karɓe su, amma garin bai daina fitar da mawaƙa ba. Abin da ya sami Jos ya fi ƙaura muni.

Bayan 7 ga Satumba

A shekarar da kundin Landan ya fito, a shekarar da tagwayen Okoye suka ci gasa, a ranar Juma'a 7 ga Satumba, 2001, rikici ya ɓarke a unguwar Congo-Russia ya watsu cikin gari. Cikin ƙasa da mako guda, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum kusan 1,000. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Terminus ta ƙone, kasuwar da kowace ƙabila ke da rumfa a cikinta, inda masu sayar da kaset ke jere suna gasar ƙure sauti. An shafe fiye da shekara 20 ba a sake gina ta ba. A 2004 Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Aka sake yin wani rikicin a Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, aka sake a Janairun 2010, sai kisan Dogo Nahawa a watan Maris, sai bama-baman jajibirin Kirsimeti. A Mayun 2014 wasu tagwayen bama-bamai suka kashe fiye da mutum 100 a Terminus.

Kowane rikici ya bar iyaka. Musulmi suka tattara suka koma Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos da titin Bauchi. Kirista suka koma Unguwar Rukuba da Kabong da Tudun Wada da Rayfield. An sayar da gidajen gado a kan farashin da bai kai ya kawo ba, wasu an yi musaya tsakanin maƙwabtan da suka shekara talatin suna aika wa juna tuwon salla da shinkafar Kirsimeti. Dokar hana fita da shingayen sojoji suka kashe dare, daga baya aka haramta acaɓa a cikin gari. Kiɗa kuwa sana'ar dare ce. Mai ganga da zai tashi wasa ƙarfe ɗaya, ya ratsa unguwa uku kafin ya kai gida, dole ya sake lissafi.

Mawaƙan ba su yi shiru ba. A kundinsa na biyu, a 2010, M.I ya yi wa garinsu waƙa mai suna "Wild Wild West", inda ya koka da yadda wurin da ya taso ya koma fagen fama. Ice Prince ya sa wa kundinsa na 2016 suna Jos to the World. Amma daga nesa suke magana, kuma yaran da aka haifa bayan 2001 wani garin suka tarar. Akwai saurayin da ya kai shekara ashirin a Jos bai taɓa taka unguwar da ke da nisan tafiyar minti goma daga gidansu ba. Irin wannan zai iya ƙwarewa a fiyano, zai iya iya gambara, amma kunnensa gefe ɗaya ya sani. Ɗan Ibon da zai yi Hausa kamar Bakano yana ƙara wuyar samu, haka ma ɗan Hausan da zai leƙa tagar coci don ya ga yadda ake kaɗa jita.

Abin da ya rage

Basira ba ta ƙare a Jos ba. Har yanzu akwai ƙananan situdiyo a lunguna, kwamfuta ɗaya da makirfo ɗaya, kuma intanet ta rage wa Alaba ƙarfi, ta yadda yaro zai iya sakin waƙa daga ɗakinsa. Ƙungiyoyin sasanci sukan haɗa matasan ɓangarorin biyu a wasan ƙwallo ko na waƙa, kuma an samu shekarun da gari ya lafa har dare ya fara dawowa. Sai dai haɗuwar da aka shirya da takardar gayyata daban take da wadda ake yi a layin famfo. Kuma har yau, wanda waƙarsa ta fara tashi, kuɗin motar Legas ko Abuja yake fara nema.

Tarihin ma yana zubewa. Waƙoƙin Ɗanmaraya sun fi yawa a hannun masu tura waƙa a waya da masu ɗora tsofaffin kaset a YouTube, sauti na shashsheƙa, babu shekara, babu sunan wanda ya naɗa. Jos na da gidan tarihi tun 1952, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar nan, inda ake zuwa kallon gumakan Nok da tsofaffin tukwane. Kiɗan da garin ya yi a cikin shekara sittin da suka wuce kuwa yana warwatse a akwatunan magada da rumbunan gidajen rediyo.

Ƙungiyoyin da suka raya daren Jos a shekarun 1970 su suka fi shan kashi. Faifan Sahara All Stars na asali ya zama abin da masu tara tsofaffin faya-fayai a Turai ke farauta. Bayan Strut, wani kamfanin Ingila mai suna Soundway ya sake fitar da wata waƙarsu a 2008, shi ma a cikin kundin da ya ce na gidajen rawar Legas ne. Matashin Bukuru ko Nasarawa Gwom da ke son jin abin da kakanninsa suka taka rawa da shi a garinsu, sai ya sayi data ya shiga intanet, ya nema a ƙarƙashin sunan Legas.